Zaɓen Allon Gefe da Faifan Nutso Don Jan Fatsa Daga Jirgi

Hakimin da ke da ruwa cikin ƙasarsa ba ya rasa baƙon kaya. Yau a kawo sabon taru, gobe a kawo sabon inji, kowane mai kawowa kuwa cewa yake nasa ne maganin wahalar masunta. Tun da yake wurin hakimi ake zuwa neman shawara kafin ƙungiya ta fid da kuɗinta, malaminsa kuma shi ke rubuta takardar, ya kamata su san amfanin kowane abu da inda amfaninsa ya tsaya. Wannan darasi a kan wata dabarar kamun kifi ne wadda ta bunƙasa a manyan tafkunan Amurka da Kanada, da kayan aiki iri biyu waɗanda ake yinta da su. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: wurin da kifi yake zaune cikin ruwa shi ke zaɓen kaya. Tsadar kaya ko kyaunsa ga ido ba su da abin cewa.

1. MENE NE JAN FATSA

Masuncinmu ya saba ya jefa fatsa ya zauna yana jira, ko ya shimfiɗa mamari ya komo da safe. Mai jan fatsa ba ya jira. Yakan ta da inji ya yi ta tafiya sannu a hankali, kamar mil 1 zuwa 3 cikin sa'a, watau misalin tafiyar mutum a ƙasa, yana jan zare a bayan jirgi. A bakin zaren akwai ƙoton ƙarya, ko dai ɗan ƙarfe mai sheƙi kamar cokali, ko ɗan kifin roba mai ƙugiya. In ruwa ya buge shi sai ya riƙa kaɗawa kamar ƙaramin kifi mai rauni, babban kifi mai farauta ya kai masa cafka.

Wannan dabara tana da matsala biyu. Ta fari, jirgi yana da inuwa, inji yana da ƙara. Kifin da ke kusa da saman ruwa yakan dare hagu da dama in jirgi ya taho, ƙoton da ke biye a baya ya ratsa ta wurin da ba kowa. Hausawa sun riga sun faɗa: kifi na ganinka, mai jar koma. Ta biyu, duk abin da aka ja cikin ruwa yakan taso sama, saboda haka ƙoto mara nauyi ba ya isa wurin kifin da ya sauka ƙasa. Allon gefe shi ne maganin ta fari, gama yana kai zare nesa da jirgi ta gefe. Faifan nutso shi ne maganin ta biyu, gama yana kai zare ƙasa.

Awon da za mu yi aiki da shi a nan ƙafa ne, don da shi masu ƙera kayan ke rubuta lissafinsu. Ƙafa 3 yadi ɗaya ke nan, yana gaza mita da kaɗan. Ƙafa 6 kuwa misalin gaba ɗaya ce ta masu haƙar rijiya.

2. INDA DABARAR TA BUNƘASA

Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar na ruwan daɗi: Sufiriyo, Mishigan, Huron, Eri da Ontariyo. Biyu daga cikinsu sun ishe mu misali, don sun saɓa da juna ƙwarai.

Tafkin Eri shi ne mafi ƙarancin zurfi. In an daidaita zurfinsa ƙafa 62 ne, na sashensa na yamma kuwa misalin ƙafa 24 ne. Kifin da aka fi nema a cikinsa shi ne wanda suke kira walai, mai manyan idanu, mai yawo garke-garke a tsakiyar ruwa. A 1988 aka fara ganin wata 'yar ƙumba mai zane a wannan yanki, wadda jiragen teku suka kawo daga Turai. Ta yaɗu, tana tace ruwa, har ruwan ya yi garau fiye da dā. Da ruwa ya washe, kifi ya ƙara ganin jirgi daga nesa, allon gefe kuwa ya ƙara daraja.

Tafkin Mishigan kuwa zurfinsa ya kai ƙafa 923 a wani wuri. A 1966 hukumar jihar Mishigan, bisa shawarar shugaban sashen kifinta Howard Tanner, ta zuba 'ya'yan kifin samon na tekun Fasifik cikin rafukan da ke shiga tafkin, ta ƙara wani irin a 1967, domin su cinye wasu ƙananan kifayen teku da suka cika ruwan. Samon ya yi girma, mutane suka yi ta sayen jirage don kamunsa. Amma samon kifin sanyi ne, ya fi son ruwa mai digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas. Da zafi ya shigo, ruwan tafkin yakan rabu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, samon ya bi sanyi ya sauka ƙafa 50 ko fiye. A nan allo shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai da abin nutso.

3. ALLON GEFE

Allon gefe katako ne ko roba mai iyo, an fiƙe goshinsa a karkace. In an ja shi, ruwa yakan bugi goshin ya tura shi waje, kamar yadda matuƙin kwalekwale ke karkata filafili jirgi ya juya. Akwai na hagu, akwai na dama, kuma galibi ba a musanya su. Iri biyu ne.

Ƙaramin allo. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, yana da dalma a ƙasansa don ya tsaya a gicciye. Ana maƙala shi a jikin zaren fatsa da wani mamatsi mai kama da abin maƙale wanki. Mutum yakan fara sakin ƙoto iyakar nisan da yake so, sa'an nan ya maƙala allon, ya ci gaba da sakin zare har allon ya yi nisa. In kifi ya kama, allon yakan ja da baya ko ya nutsa, wasu kuma suna da 'yar tuta mai kwantawa ko da ƙaramin kifi ne ya taɓa. Kamfanonin Off Shore Tackle da Church Tackle na jihar Mishigan suna cikin sanannun masu ƙera shi. Amfaninsa shi ne ba ya cin wuri, ba ya bukatar a kafa kome a jirgi, kowace sanda kuma da nata allon. Aibinsa shi ne mai kamu yana fama da nauyin allo da na kifi tare, kuma lalle ne wani ya cire allon da hannu in ya iso jirgi, ba tare da zaren ya yi sako-sako ba. A wannan ɗan lokaci ne kifi da yawa ke kuɓucewa.

Babban allo. Wannan katako biyu ne a jere, an haɗa su da ƙarafa. Ba a ɗaura shi a zaren fatsa. Ana kafa dirka a goshin jirgi, mai tsawon ƙafa 4 zuwa 6, da kwarkwaro biyu na igiya mai ƙarfi. Igiyar ke jan allon har ya yi nisan ƙafa 100 ko fiye a kowane gefe. Sa'an nan a maƙala zaren fatsa a ƙaramin mamatsi mai zobe, a bar shi ya sulale bisa igiyar zuwa inda ake so. Igiya ɗaya tana ɗaukar zare uku ko huɗu ko fiye. In kifi ya kama, zaren yakan fizge daga mamatsin, ya bar mutum da kifinsa kaɗai, ba allo a tsakani. Babban allo ya fi jimre raƙuman ruwa, ya fi ɗaukar zare mai nauyi. Amma yana son jirgi mai faɗi, da mutane aƙalla biyu ko uku, da sararin ruwa wanda ba cunkoso, gama jirgi mai allo biyu a waje yana cin faɗin ƙafa 200 ko fiye, kuma ba ya iya juyawa da sauri.

4. FAIFAN NUTSO

Kowa ya ga yadda bakin garma ke shiga ƙasa in shanu sun ja. Haka faifan nutso ke shiga ruwa. Zaren sanda yana ɗaure a wani hannu na ƙarfe a saman faifan, wanda ke sa goshinsa ya sunkuya, ruwa ya danna shi ƙasa. In kifi ya fizga, hannun yakan ɓalle, faifan ya miƙe ya daina nutso, a jawo shi da sauƙi. Akwai ɗan sukuru na daidaita ƙarfin ɓallewar. In an ɗaure shi da yawa, ƙaramin kifi ba zai ɓalle shi ba, a yi ta jansa ba a sani ba. In an sassauta da yawa, raƙumin ruwa ma ya isa ya ɓalle shi.

Faifai mai karkata. Mafi shahara shi ne Dipsy Diver na kamfanin Luhr-Jensen. A ƙarƙashinsa akwai dalma mai juyawa, da lambobi daga 0 zuwa 3 a hagu da dama. In an sa ta a 0, faifan yakan sauka sosai a bayan jirgi, nan ne ya fi zurfi. In an juya ta zuwa 3, yakan fita gefe ƙwarai, amma zurfinsa ya ragu. Girmansa hawa-hawa ne. Bisa lissafin masu ƙera shi, mafi ƙanƙanta yana kai misalin ƙafa 20, mai bi masa ƙafa 35, na tsakiya ƙafa 50, mafi girma kuwa wajen ƙafa 100. Ana kuma iya sa masa zobe a gefe don ya ƙara faɗi ya ƙara zurfi. Jansa yana da ƙarfi, saboda haka yana bukatar doguwar sanda mai ƙwari, ta ƙafa 8 zuwa 10, da masokin sanda na ƙarfe wanda aka kafa da kyau a jikin jirgi. Ba a ɗora babban faifai a kan ƙaramin allo, don zai rinjaye shi.

Manutsi mai iyo. Misalinsa Jet Diver, shi ma na wannan kamfani. Ba faifai ba ne, jikinsa kamar kwalba yake da iska a ciki. Lambarsa ita ce zurfin da yake kaiwa: 10, 20, 30, 40 ko 50, watau ƙafafu. Ba ya fita gefe da kansa, amma jansa ba shi da nauyi, don haka ana iya sa ƙananansa a bayan allon gefe a sami nisa da zurfi gaba ɗaya. Babban amfaninsa shi ne in jirgi ya tsaya yakan taso sama. Faifai mai dalma kuwa sai ya ci gaba da sauka har ya maƙale a ƙasa.

Tsakanin manutsi da ƙoto ana barin zare wanda bai wuce tsawon sanda ba. Dalili kuwa, manutsi ba ya shiga zoben sanda. In zaren bayansa ya yi tsawo, manutsi zai iso bakin sanda alhali kifi yana can inda koma ba ta kaiwa. Galibi ana ƙara 'yar roba mai talewa a wurin don ta shanye fizgar farko. In kifi ya wuce ƙafa 100, akan bar faifai a koma ga wata na'ura mai saukar da dunƙulen dalma na laba 8 zuwa 15 da waya, amma wannan darasi ne dabam.

5. ZARE DA KWARKWARO

Faifai ɗaya yana iya kai zurfi dabam-dabam gwargwadon zaren da aka ɗaura masa. Zaren roba na kullum yana da kauri, yana talewa kuma, saboda haka ba ya sauka sosai, in ya yi tsawo ma da ƙyar mutum zai iya ɓalle faifan daga jirgi. Amma shi ya fi zama daram cikin mamatsin allo. Zare mai kitso siriri ne, ba ya talewa, ya fi sauka, sai dai yana da santsi, yakan zame daga mamatsi in ba irin nasa aka sa ba. Waya ta fi su duka sauka, amma in ta lanƙwashe takan karye, kuma tana cin zoben sanda in ba an yi shi dominta ba. Akwai kuma zare mai dalma a cikinsa, wanda launinsa ke sakewa kowane yadi 10, kowane launi yana saukar da ƙoto misalin ƙafa 5 in ana tafiyar mil 2 cikin sa'a. Shi ba ya bukatar manutsi, kuma yana tafiya da allo lafiya.

Kwarkwaron naɗe zare lalle ne ya zama mai ƙidaya, wanda ke nuna ƙafa nawa aka saka. In ba shi, mutumin da ya kama kifi ba zai iya mayar da ƙoto wurin da ya same shi ba. Masu aikin suna da ƙiyasi cewa ƙafa 2 zuwa 3 na zare suna ba da ƙafa 1 ta zurfi, amma ƙiyasi ne kawai. Kowane faifai yana zuwa da takardar lissafinsa, ita za a bi, a kuma gwada ta a wuri mai yashi wanda aka san zurfinsa, a saki zare har faifan ya taɓa ƙasa, a rubuta lambar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A SAYA

Ta fari: a wane zurfi kifin yake? In yana cikin ƙafa 20 na sama, ruwan kuma garau ne, allo ake bukata. In yana tsakanin ƙafa 20 da 40, a haɗa allo da manutsi mai iyo ko zare mai dalma. In ya wuce haka, faifai mai karkata.

Ta biyu: yaya girman jirgin, mutum nawa ne ciki? Ƙaramin jirgi mai mutum biyu, ƙananan alluna biyu da faifai biyu sun ishe shi. Dirka da babban allo na babban jirgi ne. Kowace sanda tana bukatar ido, kowane kifi yana bukatar mai ja da mai riƙon koma, jirgin kuma ba ya tuƙa kansa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ta uku: yaya ruwan yake? In iska tana ta da raƙuman ruwa, ƙaramin allo yakan yi ta tsalle yana nutsewa. In ƙasan ruwan duwatsu ne ko kututture, manutsi mai iyo ya fi tsira. In wurin cike yake da jirage, a rage nisan allo ko a bar shi.

Ta huɗu: me doka ta ce? A jihar Mishigan mutum ɗaya ba ya wuce zare uku. Jihar Ohayo ta ƙara adadin daga biyu zuwa uku a Tafkin Eri a 2020, kuma ba ta yarda a riƙe walai wanda bai kai inci 15 ba. Ashe jirgi mai sanda tara a can lalle yana da aƙalla mutum uku. Kayan da ke ƙara kamu, in ba doka a bayansu, su ne ke ƙarar da kifi.

7. SHIRYA SU A RUWA

Ƙa'idar jeri ɗaya ce: zare mafi nisa daga jirgi shi ne mafi kusa da saman ruwa, mafi kusa da jirgi shi ne mafi zurfi. In aka bi wannan, kifin da ya kama na waje yakan zagayo ta bayan jirgi ya wuce bisa sauran ba su sarƙe ba. Faifai biyu a gefe ɗaya, na ciki a sa shi a lamba 1, na waje a lamba 3. A saki faifai sannu, gama in an sake shi da gaggawa yakan yi ta juyi ya naɗe zaren bayansa. Juyawar jirgi kuma ta zama mai faɗi. A lokacin juyawa allunan waje sukan ƙara gudu, na ciki su rage, ƙotonsu ya sauka. Mai lura yakan duba wane gefe kifi ya kama, ya gane ko sauri yake so ko sanyin tafiya.

8. ABIN DA YA SHAFI RUWAYENMU

Muna da kifaye masu farauta waɗanda ke cin ƙoton ƙarya. Giwan ruwa, wanda ke iya wuce kilo 100, da jan fatsa ake nemansa a Tafkin Nasar na Masar. Tsage ma yana kai cafka, amma haƙoransa suna yanke zare, sai an sa guntuwar waya kafin ƙugiya. Karfasa da bargi kuwa ba masu bin ƙaramin kifi ba ne, wannan dabara ba tasu ba ce. Muna kuma da manyan ruwaye, irin su Tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, da na Jebba da Shiroro da Tiga. Duk da haka akwai abubuwa huɗu da hakimi zai auna.

Ɗaya, ruwan madatsa ya rufe dazuzzuka, itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, faifai mai dalma kuwa abincinsu ne. Biyu, inda ruwa yake da laka kifi ba ya ganin jirgi daga nesa, ba ya kuma ganin ƙoto sosai, amfanin allo ya ragu ke nan. Uku, a tafkunan ƙasashe masu zafi ruwan ƙasa yakan rasa iskar numfashi da bazara, kifi ya guje shi, saboda haka ƙarin zurfi ba ƙarin kamu ba ne. Huɗu, wannan dabara tana shan mai tun daga fita har komowa, kifi kuma ɗai-ɗai take kawowa. A Amurka galibi masu nishaɗi ke yinta, da masu jiragen haya waɗanda baƙi ke biya. Ƙungiyar masunta da ke neman abincin gida ta lissafa kuɗin mai na yini da kuɗin kifin da take sa rai kafin ta ci bashi.

Akwai kuma maganar zaman lafiya. Jirgi mai alluna a waje, in ya ratsa inda aka shimfiɗa kalli da mamari, cikin minti kaɗan zai yi ɓarnar da za ta kai gaban alƙali. Hakimin da baƙi masu jan fatsa suka zo ƙasarsa ya haɗa su da Sarkin Ruwa da ma'aikacin kifi na jiha tun kafin su shiga ruwa, a nuna musu inda za su bi da lokacin da za su bi, a ga lasinsu, a tabbata kowa yana da rigar iyo. Malamin hakimi ya rubuta abin da aka shirya, ya ajiye kwafi. In ana bukatar shawarar masana, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Wace matsala allon gefe ke magancewa, wace kuma faifan nutso?
2. Me ya sa babban allo bai dace da ƙaramin jirgi ba?
3. Kifi yana ƙafa 30, ƙasan ruwa kuwa cike da kututture. Wane manutsi za ka zaɓa, don me?
4. Me ya sa zaren da ke bayan manutsi ba ya wuce tsawon sanda?
5. Wata ƙungiyar masunta ta kawo takardar neman rance don sayen waɗannan kaya. Rubuta tambayoyin da za ka yi musu kafin hakimi ya sa hannu.